Yadda za ka bi layin jiran tiyata a Ingila, da gaskiyar maganar inshorar lafiya

Wajen ƙarfe uku na dare na farka na tarar ba ta kan gado. Na leƙa falo sai ga maiɗakina durƙushe a ƙasa, ta kifa kanta kan kujera, ta danna robar ruwan zafi a ƙasan haƙarƙarinta na dama, gumi duk ya jiƙa mata wuya, ko magana ba ta iya yi sai dai ta ɗaga min hannu alamar kar in taɓa ta. Tsakuwa ce a matsarmama. An riga an yi hoto an gani, likita yace sai an cire matsarmamar gaba ɗaya, an sa ta a layi, kuma a daren nan wata na biyar kenan muna jira shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da ciwon ya ɗan lafa sai tace min, "Abban yara, dan Allah in akwai inda ake biya a yi aikin nan mu nema, ni dai na gaji."

Gari na wayewa na kira wani kamfanin inshorar lafiya da niyyar in saya mata, a tunanina in mun fara biya wata ɗaya ko biyu shikenan sai su kai ta asibitin kuɗi. Matar da ta ɗauki wayar ba ta ja ni da nisa ba, tambaya ɗaya ta yi min, yaushe ciwon ya fara? Nace ya kusa shekara. Tace toh za su iya yi mata rajista yau ɗin nan, amma duk abin da ya shafi matsarmama ba ya ciki. Na ajiye wayar jikina a sanyaye. Ashe ba a fafe gora ranar tafiya, inshora ta ciwon da bai zo ba ce, wanda ya riga ya shiga layi kuma wasu hanyoyin ne nasa, kuma suna da yawa, mu dai ba mu sani ba a lokacin. Su zan jero maka a nan ɗan'uwa yadda muka bi su, sannan in dawo kan inshorar in yi maka ita dalla-dalla saboda tana da amfaninta in an saye ta a kan lokaci.

Bari in fara da faɗin girman abin, don kar ka ɗauka kai kaɗai aka manta da kai. Hukumar lafiya ta NHS tun 1948 take duba mutane ba tare da karɓar kuɗi a bakin ƙofa ba, kuma a ƙa'idarta ta Ingila, daga ranar da aka tura ka wajen babban likita zuwa ranar da za a fara yi maka magani bai kamata ya wuce sati 18 ba, ana son kashi 92 cikin 100 na masu jira su kasance cikin wannan wa'adin. Rabon da a cimma haka tun 2016. Kafin korona layin yana wajen miliyan 4.6, zuwa Satumbar 2023 ya haura miliyan 7.7, gwamnatin Keir Starmer kuma ta yi alƙawarin dawo da shi kan ƙa'ida zuwa Maris na 2029. Wannan duk na Ingila ne fa, Sukotland da Wales kowacce da nata wa'adin da nata dokokin, in a can kake sai ka duba nasu. In kuma da biza kake zaune ka biya kuɗin lafiyar nan na shige da fice, fam 1,035 a shekara ko 776 ga ɗalibai, toh haƙƙinka a layin nan daidai yake da na kowa, kar ka ji nauyin tambaya. Wanda ya zo ziyara ne kawai, irin iyayenmu in sun zo duba jikoki, shi ne ba ya ciki, shi biya zai yi.

Mataki na farko, ka tabbatar kana cikin layin ma tukuna. Na san za ka ce ai likitan unguwa, wato GP, yace ya tura. Ya tura daban, sun karɓa daban. Ka buɗe manhajar NHS App a wayarka ka duba wajen da ake nuna turawa da ranakun ganin likita, in ba ka ga komai ba ka kira asibitin ka ce a haɗa ka da ofishin da ke ba da ranaku ko sakatariyar babban likitan da ke duba ka. Ka riƙe lambarka ta NHS mai alƙaluma 10 a hannu kafin ka kira. Abu uku za ka tambaya kuma ka rubuta amsar a littafi tare da kwanan wata da sunan wanda ka yi magana da shi: wace rana agogona na sati 18 ya fara lissafi, layin me nake ciki yanzu, na ganin likita ne ko na hoto ko na tiyatar kanta, sannan wane adireshi da lambar waya kuke da shi nawa. Wannan ta ƙarshen ita ta ci mu. Mun tashi daga gidan da muke, mun canza adireshi a wajen GP, asibiti kuma suna nan da tsohon, wasiƙa ɗaya ta tafi can ba mu taɓa ganinta ba, Allah ne ya taimaka ba a cire ta daga layin ba. Littafin nan kar ka raina shi, duk wata magana da za ka yi nan gaba da shi za ka dogara.

Na biyu, ka san ajin da aka sa ka. Layin tiyata ba irin na wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama ba ne, likitoci suna raba mutane gwargwadon hatsarin ciwo. P1 na gaggawa ne, cikin awa 24 zuwa 72. P2 ana son a yi cikin wata ɗaya, P3 cikin wata uku, P4 kuma shi ne wanda ake ganin zai iya jira fiye da wata uku, kuma a nan ne yawancin masu sauyin gwiwa da ƙugu da yanar ido da ƙaba suke jibge. Ka tambaya kai tsaye, ni wane P ne? Amfanin sanin shi ne ajin ba a dutse aka rubuta shi ba, ranar da aka duba ka aka yanke shi, in jikinka ya canza bayan wata shida ba wanda zai sani a asibitin sai in kai ka faɗa. Wanda ake zargin yana da cutar kansa, wato ciwon daji, kuma nasa layin daban ne gaba ɗaya, kwana 28 a gaya masa ko ita ce ko ba ita ba ce, kwana 62 daga turawar gaggawa zuwa fara magani, shi kam ko kwana ɗaya ya wuce ya ɗaga waya.

Na uku shi ne wanda ya fi komai yi mana amfani kuma shi ne mutanenmu suka fi jahilta, wato 'yancin zaɓen asibiti. A Ingila in GP zai tura ka wajen ƙwararre a kan abin da ba na gaggawa ba, doka ta ba ka dama ka zaɓi asibitin da kake so a ko'ina cikin ƙasar, ba dole sai na kusa da gidanka ba, har da asibitocin kuɗi da suke da kwangila da NHS, irin wasu rassan Spire da Nuffield Health da Circle da Ramsay, ka kwanta a can a yi maka aiki NHS ta biya, kai ko fam ɗaya ba za ka cire ba. Akwai shafin intanet mai suna My Planned Care, ka shiga ka zaɓi yanki da asibiti da ɓangaren ciwonka zai nuna maka matsakaicin satin da ake jira, ka gwada na garinku da na garuruwan da jirgin ƙasa zai kai ka cikin awa ɗaya ko biyu, wani lokacin bambancin sai ya ba ka mamaki. In ba a riga an tura ka ba toh ka je wajen GP da sunan asibitin a rubuce ka ce nan nake so.

In kuma ka riga ka shiga layi kamar yadda muka shiga, ƙofar ba ta rufe ba. Idan ka wuce sati 18, ko ya bayyana za ka wuce, kana da haƙƙin ka nemi asibitin ko hukumar lafiyar yankinku da ake kira ICB su nemo maka wani wurin da zai yi maka da wuri. A rubuce za ka yi, imel gajere, sunanka da lambar NHS da ranar da agogonka ya fara da yawan satin da ka yi, sannan ka faɗa ƙarara cewa a shirye kake ka yi tafiya, har ka ambaci nisan da za ka iya. Amma dan Allah kafin ka amince da sauyin ka tambaya ko ranar farkon agogonka za ta bi ka zuwa sabon wurin, kuma a ba ka amsar a rubuce, saboda in asibiti ne ya miƙa ka ga wani asibitin lissafinka yana nan, in kuwa ka koma wajen GP ya yi sabuwar turawa daga tushe toh ana iya fara maka lissafi daga sifili. Sannan ka sani yawancin ƙananan asibitocin kuɗin nan ba su da ɗakin kulawa ta musamman, don haka mai ciwon zuciya ko ƙiba sosai ko sugan da bai daidaita ba sau da yawa ba sa karɓarsa. Mai ƙaramin ƙarfi da ke karɓar wasu tallafin gwamnati yana iya neman a mayar masa da kuɗin motar zuwa asibiti, akwai tsarin da aka yi don haka, ka tambaya a teburin karɓar baƙi.

Na huɗu, ka ce a sa ka a jerin masu cike gurbi. Kullum sai an samu wanda aka ba rana ya kamu da mura ko ya fasa, ɗakin tiyata kuma ba a son ya zauna haka nan, sai su hau kiran mutanen da suka ce za su iya zuwa ko da sanarwar kwana ɗaya ce. Ka gaya wa sakatariya haka da bakinka, ka maimaita duk sanda ka kira. Daga nan kuma wayarka ta zama a kunne, lambar da ba ta nuna suna ma ka ɗauka don asibiti sau da yawa da ɓoyayyiyar lamba suke kira kuma in ba ka ɗauka ba na gaba za su kira. Haka saƙon tes da suke turowa lokaci-lokaci suna tambaya ko har yanzu kana son aikin, kar ka ɗauka shirme ne ka share, tankaɗe layin suke yi, wanda bai amsa ba ana iya cire shi. Ranar ganin likita kuma in ba za ka samu zuwa ba ka kira tun da wuri, rashin zuwa ba sanarwa yana iya sa a mayar da kai wajen GP. In kana da tafiya mai tsawo a gabanka ka sanar da su ranakun. Kuma duk wanda Turancinsa bai zauna ba yana da damar a kawo masa tafinta kyauta, ka nema tun kafin ranar, kar a dogara da yaro ɗan makaranta ya fassara maganar tiyata.

Na biyar, in jiki ya ƙara tsanani ka koma ka faɗa, kuma ka iya faɗa. Mu da dauriya aka san mu, likita zai ce yaya jiki ka ce da sauƙi alhamdulillahi alhali daren jiya ba ka runtsa ba, shi kuma abin da ka faɗa zai rubuta. Hamdala tana nan a wurinta, amma bayanta ka kawo lissafi. Ni abin da na yi, a littafin nan na dinga rubuta duk daren da ciwon ya tashi, awa nawa ya yi, ta yi amai ko ba ta yi ba, wane magani ta sha, kwana nawa ba ta je aiki ba, kilo nawa ta rage. Da muka ajiye wa GP shafukan nan a gabanta ba ta yi wata-wata ba ta rubuta wa babban likitan wasiƙar neman a sake duba ajin maiɗakina. Wannan wasiƙar kana da damar nemanta, amma hujja ce take sa ta yi nauyi, mai gwiwa ya faɗi taku nawa yake iya yi kafin ya tsaya da ko yana iya hawa bene, mai yanar ido ya faɗi ya daina tuƙi ko ya faɗi a matakala.

Akwai kuma alamomin da ba na jiran wasiƙa ba ne sam. Mai tsakuwar matsarmama in ido ko fata suka yi ɗorawa, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko ciwon ya ƙi lafawa awa da awanni. Mai ƙaba in kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa ga ciwo ga amai. Mai ciwon baya in ya ji tsakanin cinyoyinsa ya mutu ko fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa bai sani ba. Waɗannan sashen gaggawa za ka nufa a take, ko ka kira lambar gaggawa 999, in kana kokwanto kuma 111, layin neman shawara na NHS.

Na shida, ka shirya jikin tun yanzu. Ba abin da ya kai ciwo irin ka jira shekara guda, a kira ka gwajin share fagen tiyata, a ce jininka ya hau ko suganka ya yi yawa a ɗaga aikin. Mai ciwon suga ya nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, galibi ana son ya kasance ƙasa da 69 kafin a yi aikin da ba na gaggawa ba, kuma saukar da shi watanni yake ɗauka. Mai hawan jini ya riƙe maganinsa. Mata musamman masu ƙarin mahaifa da ke zubar da jini da yawa a duba ko jininsu ya yi ƙasa a gyara tun da wuri. Mai shan sigari ya daina makonni kafin ranar don ciwo ya fi saurin warkewa huhu kuma ya fi jure maganin barci, wasu yankunan ma suna da sharaɗin nauyin jiki kafin su yi sauyin gwiwa ko ƙugu, gara ka sani yau. Duk wani maganin gargajiya ko na ƙarin kuzari da kake sha ka faɗa musu, wasu suna tsinka jini. Wajen aiki kuma kwana 7 na farko kai za ka shaida da kanka ba ka da lafiya, bayan nan sai takardar likita, kuɗin jinya na doka kuma yana iya kaiwa sati 28.

In duk ka yi wannan shiru, toh sai PALS, ofishi ne da ke asibitocin NHS don sauraren marasa lafiya, su suna iya shiga inda wayarka ba ta kaiwa. Ka yi musu magana da ladabi amma da ranaku da alƙaluma, faɗa da ma'aikaciyar waya ba ya matsar da kowa gaba ko taku ɗaya, ita ma layin ya fi ƙarfinta. In ba a warware ba ka shigar da ƙorafi a hukumance, yawanci cikin wata 12 da faruwar abin, in amsar ba ta gamsar da kai ba akwai Parliamentary and Health Service Ombudsman, ofishi mai zaman kansa da ke binciken ƙorafi kan NHS, a sama da su. Ga kuma wata ƙa'ida da ya kamata ka haddace, in an soke maka tiyata a ranar da ka zo ko bayan an kwantar da kai, ba don dalilin lafiyarka ba, misali babu gado ko babu ma'aikata, alƙawarin NHS shi ne a ba ka sabuwar rana cikin kwana 28, in sun kasa su biya a yi maka a asibitin da ka zaɓa.

Yanzu maganar kuɗi. Wanda ya riga ya kamu da ciwon kuma yake son asibitin kuɗi ba ta hannun NHS ba, hanyarsa ita ce ya biya daga aljihunsa. Ba ƙaramin abu ba ne, sauyin ƙugu ko gwiwa ya haura fam dubu 10 nesa ba kusa ba, yanar ido ɗaya dubu biyu da wani abu zuwa sama, ganin babban likita sau ɗaya kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Akwai masu biyan ganin likitan da hoton kawai don a san me ke damunsu da wuri sannan su koma NHS a yi aikin, wannan halas ne a ƙa'ida kuma ba ya cire maka haƙƙinka, sai dai ba ya sa ka tsallake waɗanda suke ajinku ɗaya. In za ka biya aikin gaba ɗaya ka nemi farashin dunƙule a rubuce, ka bi shi layi-layi: kuɗin likitan tiyata yana ciki, na mai ba da maganin barci fa, gwaje-gwajen kafin aiki, kwana nawa a gado, gashin ƙashi bayan aiki, sannan babbar tambaya, in matsala ta taso aka sake komawa ɗakin tiyata wa zai biya kuma har zuwa kwana nawa bayan sallama? Ka tambaya in jiki ya rikice da dare akwai ɗakin kulawa ta musamman ko motar asibiti za a kira a kai ka NHS. Ka duba likitan a rajistar ƙwararru ta GMC, hukumar rajistar likitoci, ka duba rahoton CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci, a kan asibitin, shafin PHIN kuma yana nuna yawan irin aikin da likita ya yi da kuɗin da yake karɓa. Bashin da asibitocin suke tallatawa mara ruwa na 'yan watanni ka karanta abin da zai koma in wa'adin ya wuce. Kuma kar ka cire sunanka daga layin NHS sai ka riƙe tabbatacciyar rana a hannu, in an gama aikin sai ka sanar da su a ba wani gurbin. Masu tunanin fita waje a yi musu da araha kuma su lissafa da wanda zai duba su in ɗinki ya ruɓe bayan sun dawo, da hatsarin gudan jini ga wanda ya hau jirgi mai dogon zango da sabon aiki a jiki.

Toh inshorar fa. Kafin ka sayi komai ka fara tambayar ofishin ma'aikata na wurin aikinka da na matarka ko mijinki, mutane da yawa suna da ita cikin alawus ɗinsu ba su sani ba. Kuma nan ne kaɗai na san mai tsohon ciwo yake iya dacewa, domin wasu manyan kamfanoni suna saya wa ma'aikatansu irin wadda ba a duba tarihin lafiya kwata-kwata, har iyali ana iya sakawa. Haraji ake cira a kanta a matsayin alfarmar aiki, amma ko kusa bai kai kuɗin tiyata ba. In za ka bar aikin ka tambaya ko za ka iya ci gaba da ita da kanka a kan sharuɗɗan da kake.

In da kanka za ka saya a wajen irin su Bupa ko AXA Health ko Aviva ko Vitality ko WPA, hanya biyu ce ake karɓarka. Ta farko ana ce mata moratoriyam, ba a yi maka tambayoyi da yawa, rajista cikin minti kaɗan, amma a yawancin kamfanoni duk abin da ka ji alamarsa ko ka sha magani ko ka nemi shawarar likita a kansa cikin shekara 5 da suka wuce ba ya ciki, sai ka yi shekara 2 a jere ba alama ba magani ba ganin likita a kansa sannan ya shiga. Sauƙin shigarta ne yake ruɗar mutane, binciken sai ranar da ka zo neman a biya ake yinsa, su nemi fayil ɗinka daga wajen GP su ga ashe shekara uku da suka wuce ka taɓa cewa gwiwa tana damunka. Ta biyu ita ce ka cike tarihin lafiyarka gaba ɗaya tun farko su ba ka a rubuce abin da suka cire. Ta fi wahala amma ni ita na fi so, don ka san matsayinka tun ranar farko. Kowacce ka bi dan Allah ka faɗi gaskiya, dokar inshora ta 2012 ta ɗora maka nauyin yin taka-tsantsan wajen amsa tambayoyinsu, in ka ɓoye da gangan suna iya soke inshorar su ƙi biya a daidai lokacin da kake kwance.

Sannan ka san abin da ba ta yi ko da lafiyarka ƙalau ka shiga. Ciwon da ake warkewa take biya, mai zaman dindindin irin suga da hawan jini da asma kulawarsu ta yau da gobe tana wajen NHS. Ba ta gaggawa, hatsarin mota ko bugun zuciya 999 ne dai. Haihuwa ta lafiya ba ta ciki, gyaran jiki na kwalliya ma haka. Kuɗin wata kuma shekarunka da unguwar da kake da shan sigari su suke yanke shi, Landan ta fi tsada, akwai harajin kashi 12 cikin 100 a ciki, kuma kusan duk shekara sai ya ƙaru, don haka ka tambayi kanka ko za ka iya riƙe ta a shekara 60 lokacin da za ka fi bukatarta, don in ka bari ta yanke ka dawo daga baya duk ciwon da ya same ka a tsakani ya zama tsohon ciwo. Haka in za ka koma wani kamfanin saboda araha, ka tabbatar za su ɗauke ka a kan sharuɗɗan tsohon, ba sabon lissafi ba.

Akwai wuraren da ake murɗawa a rage kuɗin. Kason da za ka biya da kanka kafin su fara biya, in ka ɗaga shi kuɗin wata ya sauka, amma ka duba sau ɗaya ne a shekara ko duk sanda ka zo da sabon ciwo. Jerin asibitocin da aka yarda ka je, in ka cire manyan na tsakiyar Landan ya sauka. Wasu kamfanonin suna da zaɓin sati shida, ma'ana in NHS za ta iya yi maka cikin sati 6 toh can za ka je, in ba za ta iya ba su biya, kuma da yadda layin yake yanzu wannan zaɓin yana da ma'ana sosai. Inda ban ba ka shawarar ka matse ba shi ne kuɗin ganin likita da hoto da gwaji ba tare da kwanciya ba, domin a nan ne jira yake fara cin mutum, in ka sa masa iyaka ƙarama hoton MRI ɗaya da ganin likita biyu sun cinye. Ɓangaren ciwon daji kuma ka karanta shi sau biyu. Kar kuma ka rikita inshora da ɗan tsarin nan mai araha da ke mayar maka da kuɗin haƙori da tabarau, shi ba ya biyan tiyata. Dillalin da ke da rajista da FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, zai iya jera maka kamfanoni da yawa, yawanci kamfanin ne yake biyansa kamasho, ka tambaye shi nawa. Bayan ka saya kana da aƙalla kwana 14 da za ka iya fasawa, ka yi amfani da su ka karanta takardun a nutse.

Ranar da za ka yi amfani da ita kuma, ka fara samun turawa daga GP, sannan ka kira kamfanin su ba ka lambar amincewa kafin ka taka ƙafa wajen kowane likita, haka kafin hoto, haka kafin tiyata, kowanne da amincewarsa. Ka tambaya ko likitan da mai ba da maganin barcin suna karɓar farashin kamfanin cif-cif, in ba haka ba cikon a kanka zai faɗo. In sun ƙi biya ka nemi dalilin a rubuce ka shigar da ƙorafi, suna da sati 8 su ba ka amsar ƙarshe, daga nan kana da wata 6 ka kai maganar gaban Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kyauta ne ba sai da lauya ba.

Mu dai a ƙarshe ba mu biya ko kwabo ba. Wasiƙar GP ta shiga, imel ɗin neman sauyin asibiti ya shiga, sunanta yana jerin masu cike gurbi, jaka kuma mun haɗa ta mun ajiye bayan ƙofa da jerin magungunanta da cajar waya da silifas da lambar wadda za ta ɗauko yara daga makaranta. Wata Talata da la'asar ɓoyayyiyar lamba ta shigo wayarta tana wanke-wanke, ta goge hannu a zani ta ɗauka, na ji tana cewa eh, eh, zan iya. Alhamis ƙarfe bakwai na safe, a wani gari mai tafiyar awa ɗaya da rabi, kar ta ci komai daga tsakar dare. Ƙananan huji huɗu aka yi mata da kyamara, da yamma aka sallame ta da takardar bayanin aikin da lambar da za mu kira in zazzaɓi ya zo, na karɓi takardar na ɗauki hotonta a waya tun muna bakin ƙofa, na je na matso da motar kusa don kar ta yi doguwar tafiya.